Daga Gwangwala zuwa Batir: Yadda Sana'ar Caji ta Sauka Bakin Ruwa

Wanda ya bi ta gefen Gidan Rumfa ya kutsa lungunan Kabara ba zai ga kogi ba, balle kwale-kwale. Zaurukan karatu zai gani, da almajirai riƙe da alluna, da Gidan Ƙadiriyya inda Shehu Nasiru Kabara ya karantar har zuwa rasuwarsa a 1996. Amma tushen unguwar a bakin ruwa yake. Kakan Shehun na sama, Malam Umaru, wanda aka fi sani da Malam Kabara, ya taso daga wani gari mai wannan suna a ƙasar Mali ta yau, ya iso Kano wajen ƙarshen ƙarni na 18, ya sauka daura da gidan sarki, wurin ya ci sunan garinsu.

Wancan garin shi ne tashar jiragen ruwa ta Timbuktu, kilomita 8 kudu da birnin. A zamanin daular Songhai har hakimi na musamman gare shi, Kabara-farma, mai lura da shige da ficen kaya. Hatsi da goro suna isowa ta ruwa daga Jenne, gishirin sahara yana komawa kudu ta wannan hanya. Bafaranshen nan René Caillié ya sauka a tashar a watan Afrilun 1828, ya bar bayanin jiragen da ya shigo ciki: manyan alluna ne da aka ɗinke da igiya, ruwa yana tsatsowa ta kafofin ɗinkin, don haka akwai mutanen da ba su da wani aiki sai kwarfe ruwa dare da rana. Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya zauna a Kano a 1851, ya isa Kabara a Satumban 1853, ya tarar ana cinikin tufafin Kano a kasuwar Timbuktu.

Duk wannan dukiya ƙarfin damtse ne yake tura ta. Inda ruwa bai da zurfi a sa gwangwala, inda ya yi zurfi a sa filafili. Idan dare ya yi, wata ne fitila, ko kuwa a ɗaure jirgi a gaɓa a jira asuba.

Inji ya fara ratsa wannan ruwa a 1887, lokacin da wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Caron ya kawo jirgin yaƙi mai tafiya da tururi har kusa da Kabara. A lokacin batirin da ake sake yi wa caji ya kai shekara 28 a duniya. Gaston Planté ne ya ƙera shi a 1859, da farantan dalma a cikin ruwan asid, kuma har yau batirin mota bai bar wannan tsari ba. Jirgin ruwa yana cikin abubuwan farko da aka gwada wutar batir a kansu: a 1881 Gustave Trouvé ya tuƙa ƙaramin jirgi a kogin Seine na birnin Paris da injin lantarki wanda ake ɗaurawa a cire. Injin fetur mai ratayuwa a gindin jirgi ya biyo baya, Ole Evinrude ya fara sayar da nasa a Amurka wajen 1909.

Ƙasar Hausa kuwa, ta tudu batir ya shigo mata. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manyan motoci suka fara jigilar buhuna daga ƙauyuka zuwa tasha. A 1912 kamfanin Cadillac ya fito da mota mai tashi da wutar batir maimakon murɗa hannun ƙarfe daga gaba, a hankali sauran kamfanoni suka bi. Daga nan duk garejin da ke son ya amsa sunansa sai ya nemi mutum biyu bayan bakanike: rewaya mai bin wayoyi, da mai batir.

Mai batir shi ne ya fi daɗewa a rai ga duk wanda ya tashi a Kano kafin zuwan wayar hannu. Shagonsa ƙarami ne, warin asid ya kama bango, tufafinsa duk huji-huji saboda ɗigon ruwan batir. Batura suna jere a kan katako, an buɗe murafensu, suna tafasa a hankali. Kowanne an rubuta masa alamar mai shi da fenti ko da alli. Abokan cinikinsa ba direbobi kaɗai ba ne. An kafa NEPA a 1972, amma ƙauyuka da yawa sun shafe shekaru bayan nan ba su ga turken wuta ba, sai batirin mota ya zama wutar gida. Da shi ake kunna rediyo mai kaset, da talabijin baƙi-da-fari, da lasifikar masallaci da ta wurin maulidi. Ranar kasuwa a ɗauro shi a bayan keke a kawo birni, a bar shi ya kwana, a ɗauka washegari. Kayan aikin kuwa, sabo da na hannu, kasuwar Ƙofar Ruwa ce matattararsu.

Ana cikin haka sai ruwan ya zo Kano da kansa. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya duƙufa kan gina madatsun ruwa. An gama Tiga a 1974, Watari ta Bagwai ta biyo baya, Challawa ta kammala a 1992. Can yamma an riga an tare Kogin Kwara a Kainji tun 1968, tafki ya malale har ƙasar Yawuri, Sarkawa da sauran masunta suka sami sabon fage. Garuruwan da a da ake zuwa da ƙafa suka koma sai da fito. A daidai wannan zamani injunan Japan suka mamaye gaɓar Afirka ta Yamma. Yamaha ta fitar da injinta na farko a 1960, daga baya ta ƙera samfurin Enduro domin masu aikin yau da kullum a wuraren da mai ba shi da tsabta kuma kayan gyara suna da nisa. Shi ne injin da aka fi gani a gindin kwale-kwalen haya.

To, wa zai kula da wutar waɗannan jirage? Babu wata makarantar da ta yaye masu aikin lantarkin jirgi domin Tiga ko Yawuri. Yaran garejin mota ne suka sauka bakin ruwa da ilimin da suka koya a kan Bedford da Peugeot. Mafi yawansa ya yi amfani. Sai dai akwai bambanci guda da hanya ba ta koya wa kowa ba: motar da batirinta ya mutu ana tura ta ta tashi, ko a tsayar da wata a ja wuta. Jirgin da ya mutu a tsakiyar tafki babu mai tura shi, iska kuwa ba ta jira.

Ƙananan injuna sun sauƙaƙa wannan, domin igiya ake ja su tashi, kuma wutar da ke kunna fulogi daga jikin injin take fitowa. A irin wannan jirgi batir na fitila ne, da hon, da famfon da ya gaji masu kwarfe ruwa na zamanin Caillié, da cajin wayar matuƙi. Manyan jirage su ne rayuwarsu ta rataya a kan batir, irin dogayen pinas na Mopti da ke ɗaukar kaya zuwa Timbuktu da injin dizal a cikinsu. Yawancinsu yanzu a Korioumé suke tsayawa, kilomita 18 daga birnin, saboda yashi ya cike mashigar Kabara, ko da yake an yashe ta a 2007 da kuɗin Libiya. Injin dizal mai girma ba ya tashi da igiya.

Abu na farko da tsohon mai batir yake koya wa yaronsa shi ne batir randa ce, ba rijiya ba. Abin da aka zuba mata take bayarwa. Mutum zai zo yana cewa batirinsa ya mutu, ya sayi sabo, bayan mako biyu sabon ma ya kwanta. Sau da yawa batirin ba shi da laifi, mai ba shi wuta ne ya daina aiki, ko hanyar da wutar ke bi ta toshe.

Saboda haka mai hankali da mita yake farawa. Batiri mai volt 12 ɗakuna shida ne a ciki, kowanne yana ba da kimanin 2.1. Idan ya huta na wasu sa'o'i ba a caja shi ba, ba a ja wuta daga gare shi ba, cikakke zai nuna 12.6 ko 12.7. Idan ya nuna 12.2, rabi ya rage. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Daga nan a tayar da inji, a ɗan ba shi wuta, a sake aunawa. Lafiyayyen caji yana kai allura tsakanin 13.8 da 14.4. Idan lambar ba ta motsa daga inda take ba, babu abin da ke shiga. Idan ta haura 15, abin da ke daidaita wutar ya lalace, batirin yana dahuwa ne, ruwansa zai ƙone, farantansa su lanƙwashe. Tsofaffin masu sana'a suna da wani ma'auni na gilashi mai robar matsawa, wanda ke zuƙo ruwan kowane ɗaki ya nuna nauyinsa. Wajen 1.265 cikakke ne, wajen 1.120 fanko. Amfaninsa ya fi na mita a wuri ɗaya, domin yana tona ɗakin da ya mutu shi kaɗai a cikin shida.

Idan an tabbata caji ba ya shiga, sai a bi wutar daga tushe. A injin da ake ratayawa, akwai faifan ƙarfe mai nauyi a sama wanda ke juyawa da maganaɗisu a jikinsa, a ƙarƙashinsa kuma akwai koyil. Juyawar tana haifar da wuta mai kai-da-komo, wadda batir ba ya karɓa. Wani ɗan akwati da rewaya ke kira raktifaya shi ne ke miƙar da ita ta bi hanya ɗaya, a wasu injunan kuma shi ne ke hana ta wuce kima. Ana cire wayoyin koyil a auna su inji yana tafiya. Idan wuta tana fitowa kuma tana ƙaruwa da ƙarar inji, koyil lafiya lau, laifin yana ga raktifaya ko fiyus ɗin da ke tsakani. A injin dizal altaneta ce ke wannan aiki, kuma abin da ya fi kayar da ita ba wani babban abu ba ne, bel ne da ya saki. Ƙurar baƙar roba a jikin inji, ko ƙara mai tsini lokacin tashi, sun isa shaida.

Amma a kan ruwa, mafi yawan ɓarna a mahaɗar waya take. Danshi yana shiga ƙarƙashin roba, jan ƙarfen ciki ya yi kore ko baƙi, waya tana nan kamar lafiyayya a ido alhali wuta da ƙyar take ratsawa. Kan batir ya tara farin gari. A auna a bakin altaneta a ga 14.2, a auna a kan batir a ga 13.2: volt guda ya ɓace a hanya, batirin ba zai taɓa cika ba. Bambancin bai kamata ya wuce rabin volt ba. Maganin ba shi da tsada. A kwance kan batir, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan kanwa ba tare da ya shiga cikin ɗakunan ba, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure da sifana, a shafa giris. Ƙasashen da suka daɗe da sana'ar suna amfani da wayar da aka lulluɓe zarenta da kuza domin tsatsa, mu kuwa wayar mota ce a kasuwa, don haka dubawa akai-akai ta zama dole.

Akwai kuma ɓarawon wuta. Idan batir yana cika da rana ya wayi gari fanko, a kashe komai, a cire waya ɗaya daga kansa, a sa ƙaramin ƙwan fitila tsakanin wayar da kan batir. Idan ya kama, wani abu yana sha a ɓoye, sau da yawa famfo ne ko wayar da ta goge tana taɓa jiƙaƙƙen katako.

Wani lissafi ne ya sa shagon caji bai mutu a bakin ruwa ba, kuma matuƙa da yawa ba su taɓa zama sun yi shi ba. Koyil ɗin ƙaramin inji yana ba da kamar amp 6, shi ma sai inji yana gudu sosai. Batiri mai amp 100 da aka sha rabinsa yana bin bashin 50. Kafin koyil ya biya wannan bashi sai an yi tafiyar da ta haura sa'a takwas ba tsayawa. Fito daga wannan gaɓa zuwa waccan kuwa mintoci ne. Kullum ana ɗiba fiye da yadda ake zubawa, batirin yana zaune a rabi, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantansa har ya ƙi narkewa. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe batura, kuma zafi yana gaggauta ta. Masu ƙera batir suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, ga shi watan Afrilu a Kano ana kai wa 40. Don haka a sauke shi a kai shago ya sha caji a hankali, kimanin kashi ɗaya cikin goma na girmansa, wato amp 10 ga mai 100, ya kwana. Cajin gaggawa na sa'a guda yana tayar da inji yau, ya rage wa batir kwana.

Wasu al'adun da sana'ar ta gado daga gareji ya kamata a bar su, kuma masu aikin da suka san ciwon kansu sun daɗe da bari. Babba a cikinsu ita ce cire kan batir inji yana tafiya, wai a ga ko zai mutu. Wannan gwaji na zamanin dainamo ne. Tun da Chrysler ta fara sa altaneta a motocinta a 1960 sauran suka bi, gwajin ya zama ɓarna, domin wutar da ta rasa inda za ta zuba tana ƙona dayod ɗin ciki nan take. Mutum ya zo da ƙaramar matsala ya koma da babba. Haka nan haɗa kawunan batir da guntuwar waya don a ga tartsatsi. Batirin da ke caji yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, kuma a cikin jirgi jarkar fetur tana kusa. Sai ƙara asid idan ruwa ya ja baya. Ruwa ne kaɗai yake ƙonewa, asid yana nan, saboda haka tataccen ruwa ake ƙarawa. Ruwan rijiya ko na tafki yana ɗauke da gishirin da ke lalata faranti. Juya kawuna kuma, ja a wurin baƙi, ko na daƙiƙa ɗaya ne, ya isa ya kashe raktifaya.

Dalilin da ya sa wannan magana ta wuce ta kuɗi shi ne dare. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai da yamma, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau za su maulidi, aka rasa aƙalla mutum 29. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. Lodi fiye da kima da rashin rigar ruwa su ne aka fi ambata a irin waɗannan masifu, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta sha nanata haramcin tafiyar dare. Duk da haka duhu yakan riski jirgi a hanya, kuma masu ceto da kansu a cikin duhu suke aiki. A wannan sa'a fitilar da ke nuna kututture a gaba, da wayar da za a kira gaɓa da ita, duk a kan batir ɗaya suke. Jiragen da aka tsara da kyau suna raba batir biyu, ɗaya na tayar da inji kawai, ɗaya na fitilu da famfo, yadda ko an shanye na biyu na farko yana nan cike. Kuɗin ƙarin batir bai kai asarar inji ɗaya ba.

Shekarun baya-bayan nan farantin sola ya canza lissafin nan na amp 6. Faranti mai wat 100 yana ba da kusan abin da koyil ke bayarwa, amma shi tun hantsi har la'asar yake aiki, ko jirgi yana ɗaure. Sharaɗinsa a sa na'urar daidaita caji a tsakani, domin haɗa shi kai tsaye yana dafa batir a hankali. Batirin litiyam ma ya shigo kasuwa, mara nauyi, mai jure a sha shi sosai, sai dai yana da nasa tsarin caji, kuma tsohuwar cajar shago ko raktifaya mara daidaitawa na iya lalata shi. Yaran da ke koyon aikin yanzu suna koyon abin da iyayen gidansu ba su tarar ba.

Mataccen batir kuwa ba ya rasa mai saye. 'Yan gwangwan suna auna shi a sikeli saboda dalmar da ke ciki, kuma masunta a wurare da yawa sun daɗe suna narka ta su yi nauyin da ke nutsar da koma. A Thiaroye-sur-Mer, wata unguwa a gefen Dakar inda ake fasa batura a tsakar gida, ƙurar dalma ta kashe yara 18 tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Mutanen Arewa sun ga irin wannan guba a Zamfara a 2010, inda ta fito daga duwatsun zinare ta hallaka ɗaruruwan yara. A 2024 hukumar NESREA mai kula da muhalli ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a Najeriya, waɗanda suka shafi tattara matattu da sarrafa su. Abin da ke hannun mai jirgi da mai shago shi ne su miƙa tsohon batir a rufe, da ruwansa a ciki, kada a tsiyaye shi a ƙasa ko a tafki, kada kuma a fasa shi a gidan da yara ke wasa.